Hayar Bango: Yadda Manyan Kantuna Suka Shiga Gidajen Mutane da Hoton Tsauni

Kantin da ke sayar da yadi da takalma da tukwane, me ya haɗa shi da hoton tsauni? A kasuwannin tsofaffin kaya na Turai da Amurka da Japan akan ga irin waɗannan takardu jibge cikin kwali: tafki rana na faɗuwa a bayansa, ƙauye dusar ƙanƙara ta lulluɓe shi, ruwa yana kwararowa daga kan dutse. Launinsu ya koɗe, gefensu ya yi ja. A ƙasan hoton ko a bayansa sai ka ga sunan wani kanti da titin da yake, galibi kantin da aka rufe tun kafin a haifi mai tallan hoton. Ranar da suka fito babu wanda ya biya ko sisi a kansu. Miƙa su aka yi ga abokan ciniki tare da ƙunshin kayan da suka saya.

Amma kantin ba kyauta ya yi ba, haya ya biya. Takardar talla da aka miƙa wa mutum a bakin titi, kafin ya sha kwana ya yar da ita. Tallan jarida kuwa, gobe an ƙunshe kifi da shi. In ka ba uwargida hoton da ya burge ta har ta nemi ƙusa ta rataye shi a falo, to sunanka ya sami mazauni a gidanta na shekara guda, wataƙila goma, kuma duk baƙon da ya shigo sai ya gani. Mun san gyara, wadda mai awo ke ƙara wa mai saye don ya dawo gobe. Sai dai gyara cinye ta ake yi a manta, wannan kuwa an yi ta ne don ta zauna a gaban ido.

Dabarar ba ta yiwu ba sai da launi ya yi araha. Kafin ƙarni na 19 hoto mai launi kayan masu hali ne a Turai. Ko dai mai zane ya zana shi da hannu, ko a buga shi da baƙar tawada sannan a sa ma'aikata su bi kowane kwafi da buroshi. A 1796 Alois Senefelder ya gano bugun dutse a birnin Munich na Jamus, kuma duk sirrin abin shi ne mai da ruwa ba sa ga maciji. Ana yin zane da alli mai maiƙo a kan wani lallausan dutse da ake haƙowa a Solnhofen, a jiƙa dutsen, sannan a bi shi da tawada mai maiƙo. Tawadar sai ta kama inda aka yi zane, ta ƙi inda ruwa ya jiƙa. A ɗora takarda a danne, hoto ya fito. A 1837 Godefroy Engelmann ya yi rajistar hanyar yin haka da launuka a Faransa, daga nan aka sami hotunan da aka riƙa kira kuromo.

Aikin ba na rago ba ne. Kowane launi da dutsensa, kuma dole takarda ta sauka daidai wuri ɗaya a kan kowane dutse. In ta goce ko da ƙiris, sai ka ga ganye ya rabu da reshe. Akwai gwanayen da sana'arsu ke nan: su zura wa zanen asali ido su warware shi a ka, su san rawaya nawa da shuɗi nawa za a ɗora kan juna kafin koren ciyawa ya fito, sannan su zauna su ɗiga inuwar gajimare da hannu, ɗigo bayan ɗigo. Katin talla na yau da kullum yakan ci duwatsu 6 zuwa 12, manyan hotuna na alfarma kuwa sukan haura 20. To amma duk tsadar a wajen shirya duwatsun take. Da zarar an gama, injin tururi ya karɓi aikin, abin da ya rage kusan kuɗin takarda ne da tawada. Wannan lissafin ne ya haifi kyautar. Shi ne kuma ya haifi wata dabara da har yau take rikita masu tara waɗannan hotuna: maɗaba'a ta buga hoto ɗaya dubbai, ta bar fili fari a ƙasa, wakilinta ya ɗauki littafin samfuri ya bi garuruwa, kowane mai kanti ya zaɓi wanda ya kwanta masa a rai a buga masa sunansa a filin. Shi ya sa tafki ɗaya tak za ka gan shi da sunan mai sayar da yadi a wannan gari, da sunan mai sayar da magani a wancan.

A Turai, kantin da aka fi dangantawa da wannan al'ada shi ne Au Bon Marché na birnin Paris. Aristide Boucicaut ya shiga haɗin gwiwa a cikinsa a 1852, ya mallake shi a 1863, a 1869 kuma aka aza harsashin katafaren ginin da har yau ake ciniki a ciki. Tsarinsa baƙo ne a lokacin: farashi a rubuce jikin kaya, ba tayi ba albarka, kowa ya shigo ya kalla ko bai saya ba, wanda ya saya ya canja ra'ayi kuma ya mayar. Kantin da ke cin riba kaɗan a kowane kaya ba ya rayuwa sai da cincirindon jama'a, don haka Boucicaut ya bi ta kan yara. A Faransa ta wancan zamani ba a zuwa makaranta ran Alhamis, kuma a ranar ake raba sababbin katuna masu launi. Jeri-jeri ake fitar da su, galibi shida a jeri. Yaron da ya sami huɗu ba zai bar uwarsa ta sha ruwa ba sai ta koma da shi. Marubuci Émile Zola, wanda ya yi ta zirga-zirga a irin waɗannan kantuna kafin ya fitar da littafinsa a kansu a 1883, bai manta da rabon hotuna da balan-balan ga yara ba. Kantunan Louvre da Printemps da sauran abokan gasa duk sun bi sahu.

A yi adalci, yawancin waɗannan ƙananan katuna ba hoton tsauni da tafki ba ne. Yara ne cikin wasa, tatsuniyoyi, dabbobi sanye da tufafi. Amma akwai jerin wurare da dama: gine-ginen Paris, tsofaffin fadoji, bajekolin duniya na 1878 da 1889 da 1900, da ƙasashe masu nisa. Kamfanin Liebig mai sayar da daskararren romon nama, wanda ba kanti ba ne amma ya fi kowa naci, ya raba katuna tun wajen 1872 har zuwa 1975, iri sama da 11,000, da yawansu darasin labarin ƙasa ne da aka yi wa ado.

Japan ta riga Turai a wannan fage da tazara, kuma ba da dutse ta fara ba, da sassaƙaƙƙen katako. Mitsui Takatoshi ya buɗe kantin yadi mai suna Echigoya a Edo, wato Tokyo ta yau, a 1673. Da kantin ya koma unguwar Surugacho a 1683 sai ya baza takardu a birnin yana shelar cewa cinikinsa kuɗi hannu ne, farashi ɗaya ga kowa. Wannan kanti shi ya zama Mitsukoshi, wanda a ƙarshen 1904 ya ayyana kansa a matsayin babban kanti irin na zamani. Sa'ar da Echigoya ya taka ita ce duk wanda ya tsaya a titinsa ya miƙa ido, Tsaunin Fuji yake hangowa a ƙarshen titin. Mai zane Hokusai ya sa rufin kantin a jerin hotunansa 36 na Fuji a wajen 1830, Hiroshige kuma ya zana titin a 1856, rumfunan kantin dama da hagu, tsaunin a sama. Waɗannan hotuna sayar da su aka yi, ba rabawa ba, amma ina ganin babu ɗan kasuwar da zai kalle su bai ɗauki darasi ba.

Masu rabawa kyauta na farko-farko a can 'yan koli ne. Masu tallan magani na lardin Toyama sukan bar akwatin magunguna a gidan mutum, su dawo bayan watanni su karɓi kuɗin abin da aka sha kawai. Ciniki irin wannan amana ce tsantsa, amana kuwa tana son tsaraba, sai suka riƙa zuwa da bugaggun hotuna na 'yan wasan kwaikwayo da shahararrun wurare. Manomin da bai taɓa taka Edo ba, ta hannun mai magani ya fara ganin ta. A zamanin sarki Meiji, daga 1868 zuwa 1912, abin ya bunƙasa ya zama takardun sabuwar shekara da ake kira hikifuda. Maɗaba'un Osaka ne suka fi buga su: Fuji, fitowar rana, gauraka, gumakan arziki, wani lokaci jirgin ƙasa yana huci a gindin tsauni, da fili a gefe don sunan mai sayar da shinkafa ko yadi ko kifi. Da yawa suna ɗauke da kalanda, kuma ba don ado ba. A 1873 Japan ta koma lissafin shekara irin na Turawa alhali manoma suna nan kan tsohon lissafin wata, don haka takardar da ta haɗa biyun ba a wasa da ita.

Amurka ce ta mayar da abin masana'anta. Louis Prang, wanda aka haifa a Breslau a 1824 ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1850, ya kafa maɗaba'a a Boston da burin kai kwafin manyan zane-zane gidan talaka. A 1876 ya fitar da hotuna 15 na zanen Thomas Moran na Yellowstone da yankunan da ke kewaye, shekara huɗu bayan an mayar da wurin gandun daji na ƙasa. Waɗannan na masu kuɗi ne. Amma abin da Prang ya yi da tsada, wasu sun kwaikwaya da araha. Kantunan shayi na kamfanin da aka fi sani da A&P sun fara ba da kuromo ga masu saye tun farkon shekarun 1870. Mujallu suka riƙa ba duk wanda ya biya kuɗin shekara, kamfanonin inshora ma haka. Manyan kantuna irin su Macy's a New York da Wanamaker a Philadelphia suna da katunansu, kantunan yadi na ƙananan garuruwa kuma suna sayen na maɗaba'a a buga musu suna. Abin ya yi yawan da Mark Twain, a littafinsa na 1889 kan Ba'amurken da ya tsinci kansa a fadar sarki Arthur, ya sa gwarzon labarin yana kewar kuromon kamfanin inshora da ya saba gani a bangon kowane ɗaki a gidansu.

Babban hoton bango ya sami gindin zama ne da aka liƙa masa kwanakin wata. A 1889, a wani ƙaramin gari mai suna Red Oak a jihar Iowa, 'yan jarida biyu, Edmond Osborne da Thomas Murphy, suka buga kalanda da hoton ginin kotun yankinsu, suka kewaye shi da tallan 'yan kasuwar garin. Daga wannan ƙaramin abu manyan kamfanonin kalanda suka fito. Brown & Bigelow ya biyo baya a St. Paul a 1896. Waɗannan kamfanoni sun sayi zane daga manyan masu zane, har da Moran kansa, kuma daga tsakiyar shekarun 1930 Maxfield Parrish ya shafe kusan shekara talatin yana zana wa Brown & Bigelow tsaunuka da gonaki. Kamfanin jirgin ƙasa na Santa Fe shi ma ya raba kwafin zanen Moran na kwazazzabon Grand Canyon, ko da yake shi aƙalla yana da hujja, tun da tikitin zuwa wurin yake sayarwa.

To me ya sa tsauni da tafki suka fi karɓuwa a babban hoto? Dalili na farko na kasuwa ne zalla. Fuskar mace kyakkyawa tana jan ido, amma yayin tufafinta yana wucewa, kuma ba kowace uwargida ke son ta a falonta ba. Hoton shugaba yana raba kan masu saye, musamman a Amurkar da ta fito daga yaƙin basasa a 1865, ko Faransar da 'yan coci da 'yan jamhuriya ke hararar juna. Hoton addini yana faranta wa wani ya ɓata wa wani. Tsauni ba shi da jam'iyya. Mai karatu a ƙasar Hausa ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin a gidajen da ake ƙyamar rataye hoton mai rai, kalandar banki ko ta kamfani mai hoton ruwa da bishiyoyi takan wuce ba tare da gardama ba. Ba ko'ina wannan lissafi ya yi aiki ba dai. A Shanghai hotunan mata ne suka mamaye kalandun kamfanonin taba da sabulu, a Indiya kuma hotunan alloli, musamman bayan mai zane Ravi Varma ya kafa maɗaba'arsa a 1894.

Dalili na biyu ya fi zurfi. Masu cika waɗannan kantuna mutane ne da su ko iyayensu ba su daɗe da baro ƙauye ba, suna zaune a ɗakunan haya cikin hayaƙin gawayi. Kantin kansa yana cikin abubuwan da suka jawo su birni: shi ke sayen kayan masaƙu, shi ke ɗaukar dubban matasa aiki, shi ke kashe kasuwar ƙananan shaguna. Sai ga shi kuma yana mayar musu da ƙauyen a takarda, an wanke shi tas, babu laka, babu bashi, babu yunwar da ta kore su.

Abin da aka cire daga hotunan ya kai abin da aka sa muhimmanci. Yammacin Amurka a waɗannan hotuna fili ne fetal, ko kuwa a sa 'yan asalin ƙasar ƙanana a gefe don ado, alhali a daidai lokacin ake korar Shoshone da Bannock da Crow daga yankin Yellowstone. Katunan Faransa kuwa sun nuna wa yaran Paris Afirka a matsayin dabino da raƙumi da tutar Faransa, har yaƙin Dahomey na 1892 sai da aka mayar da shi jerin katuna. Yaron da ya girma yana liƙa irin waɗannan a littafinsa, ba sai an sha wahala ba wajen fahimtar da shi cewa ƙasashen nan jiran mai ɗauka suke yi.

Masu ilimin zamanin ba su so abin ba, amma ba don wannan dalili ba. A 1874 E. L. Godkin, editan mujallar The Nation, ya ɗauki kuromo a matsayin alamar wayewar bogi, inda kowa ya ɗan leƙa ilimi sai ya ɗauka ya ƙoshi. Yana da rabin gaskiya: da yawa cikin hotunan zaƙinsu ya yi yawa, rana kullum tana faɗuwa, ruwa kullum a kwance. Amma zaɓin da ke gaban matar leburan masaƙa ba tsakanin kuromo da zanen asali yake ba. Tsakanin kuromo da bango tsirara yake.

Ƙananan katunan sun fara ja da baya a Amurka wajen 1900. Mujallu masu araha da ke karaɗe ƙasa sun janye kuɗin talla, katin gidan waya mai hoto ya janye masu sha'awar tarawa, sannan kyamara ta shigo maɗaba'a: ana rarraba hoto zuwa ɗige-ɗige ta cikin raga, launi uku ko huɗu su yi aikin duwatsu goma sha biyu. Kalanda ce ta tsira, don tana da aikin yi.

Wanda ya gaji irin wannan hoto yau, tambayarsa ɗaya ce: nawa zai yi? Amsar takan sanyaya gwiwa. An buga su da yawan gaske, kuma tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Dillalai sukan fara da gilashin ƙara girma. In ɗigon launin ba su da tsari, manya da ƙanana, launi kan launi, aikin hannu ne a kan dutse. In sun jeru reras a layi, aikin kyamara ne. Wannan ba ya nufin jabu, domin kalandar 1925 haka take, amma katin da aka ce na 1880 ne aka same shi da jerarrun ɗigo, ƙarya ake yi masa. Takardar da ke ƙyalli a ƙarƙashin fitilar gwajin kuɗi ita ma ta tona kanta, domin sinadarin da ke sa wannan ƙyallin sai wajen shekarun 1950 ya shiga takarda. Sunan maɗaba'a da ake bugawa da ƙananan haruffa a gefe, adireshin kantin, har da tsawon lambar wayarsa, duk suna taimakawa wajen gano shekara.

Bayan nan sai lafiyar takardar. Wadda aka yi da ɓawon itace tana cin kanta a hankali, ta yi ja ta yi ƙarmas. Allon katako da aka riƙa tokare firam da shi yana barin tabo. Rana kuwa ja da rawaya take fara cinyewa, ta bar shuɗi, shi ya sa wasu ke zaton mutanen da shuɗin hoto suke so, alhali faɗuwar ranar ce ta gudu. Babbar illar dai almakashi ne. In shekara ta ƙare, uwargida takan yanke kwanakin watan da sunan kantin, ta sa sauran a firam. Ita ta ga ta raba hoton da talla, amma a kasuwar yau ta rage masa daraja. Abin da ke ɗaga farashi shi ne sunan sanannen mai zane irin Moran ko Parrish, jerin da ya cika, kalandar da ba a yage mata ko wata ɗaya ba, ko hoton da aka zana musamman don wani kanti, ba na littafin samfuri ba.

Waɗanda suka fara ganin amfanin wannan tarkace ba manyan masana ba ne. Isadore Warshaw dillalin tsofaffin littattafai ne da ya riƙa kwashe takardun da kamfanoni ke zubarwa, har cibiyar Smithsonian ta sayi tarinsa a 1967. Jefferson Burdick, ma'aikacin wata masana'antar kayan lantarki a Syracuse, ya ba gidan tarihi na Metropolitan a New York katuna wajen 300,000, ya ƙarar da shekarunsa na ƙarshe yana liƙa su a kundaye da hannunsa, ya rasu a 1963 jim kaɗan bayan ya gama. Tarin John Johnson, shugaban maɗaba'ar Jami'ar Oxford, ya koma ɗakin karatu na Bodleian a 1968. Masu binciken da ke zuwa waɗannan wurare sukan juya katin su karanta bayansa, inda aka rubuta farashin yadi, ranar da za a karya farashin kayan sanyi, da sharuɗɗan aika kaya ga mazauna karkara.